Ƙanƙarar Sarki da Sanyin Talaka: Tarihin Kayan Zaƙin Bazara a Japan

A zamanin da shogun ke mulkin Japan daga birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo, gidan sarautar Maeda na ƙasar Kaga yakan kai masa wata gaisuwa duk ranar farko ta wata na shida a tsohuwar kalandarsu mai bin tsayuwar wata. Gaisuwar kuwa dusar ƙanƙara ce da aka danƙare a rami tun cikin hunturu, aka rufe ta, aka jira har zafi ya kankama. Labarin da mutanen Kanazawa, hedikwatar Kaga, suka gada shi ne cewa ana naɗe ƙanƙarar da ganyen gora da tabarmi, a saka ta cikin akwatin katako, sannan 'yan gudu su ɗauka suna karɓa-karɓa dare da rana, su ci tafiyar kusan kilomita 480 cikin kwana huɗu. Tawagar sarkin Kaga da kanta takan kwashe kusan mako biyu a kan wannan hanya. Akwai masana tarihi da ke ganin cewa sau da yawa ƙanƙarar na fitowa ne daga rumbun da gidan Maeda ya gina a cikin harabarsa ta Edo, inda Jami'ar Tokyo take a yanzu, kuma maganarsu ta fi kama hankali. Ko ta wace hanya ta zo, abin da ke isa gaban shogun ɗan ƙanƙani ne, kuma darajarsa tana cikin wannan ƙanƙantar: duk wanda ya gan shi ya san yawan hannuwan da suka yi aiki kafin ya iso.

Bazarar Japan ba irin ta ƙasashe masu busasshiyar iska ba ce. Daga watan Yuni zuwa tsakiyar Yuli ruwan sama ke sauka ba ƙaƙƙautawa, yana ɗaukewa kuma sai zafi mai danshi ya rufe ƙasa har cikin Satumba, zufa ta fito ta ƙi bushewa. Kyoto, tsohon birnin sarauta, yana cikin kwari ne, duwatsu sun kewaye shi ta fuska uku, iska ba ta ratsa shi yadda ya kamata. A irin wannan wuri sanyi dukiya ne, kuma tarihin kayan zaƙin da Japanawa ke sha a bazara tarihi ne na wanda ya mallaki wannan dukiya da wanda ya nemi dabarar yin kamar ya mallake ta.

Rumbun ƙanƙara, wanda suke kira himuro, ya daɗe ƙwarai. Littafin Nihon Shoki da aka kammala a shekarar 720 ya kawo labarin wani ɗan sarki da ya fita farauta a Tsuge, cikin tsaunukan gabashin Nara, ya hangi wani abu kamar bukka a daji. Da ya tambaya, sai mai unguwar wurin ya bayyana masa cewa rami ne mai zurfin sama da mita uku, ana shimfiɗa masa ciyawa mai kauri, a jera ƙanƙara, a rufe da jinka, ta kai har bazara ba ta narke ba. Ɗan sarkin ya kai wa Sarki Nintoku, sarki ya ji daɗi, daga nan aka mayar da abin al'ada. Zamanin Nintoku ya yi nisa, kuma tarihi da almara sun cakuɗe a cikinsa, don haka an daɗe ana ɗaukar labarin da taka-tsantsan. Sai a 1988, lokacin da ake tonon ƙasa don gina wani babban kanti a Nara, aka ci karo da gidan Yarima Nagaya, wanda ya rasu a 729, tare da allunan katako kimanin 35,000 da ma'aikatan gidansa suka yi lissafi a kai. A cikinsu akwai waɗanda suka ambaci rumbun Tsuge da sunansa, da girman ramukan, da ranakun da aka kawo ƙanƙara. Ashe a farkon ƙarni na 8 babban mutum a Nara yana da masu yi masa jigilar sanyi kamar yadda yake da masu kawo masa shinkafa.

Fada ta ɗauki lamarin da muhimmanci irin na hukuma. Kundin dokoki na Engishiki, na shekarar 927, ya lissafa rumbunan ƙanƙara na sarki, ya sa su ƙarƙashin ofishin da ke kula da ruwan sha na fada. Kowace ranar farko ta shekara akan sanar da sarki kaurin ƙanƙarar da aka samu, domin suna ganin mai kauri alamar damina mai albarka ce, siririya kuwa abin a dage da addu'a.

A wannan fada ce, wajen shekarar 1000, wata baiwar Allah mai suna Sei Shonagon, wadda ke hidima ga sarauniya Teishi, ta rubuta littafinta Makura no Soshi, wato Littafin Matashin Kai. Cikin jerin abubuwan da ta ɗauka a matsayin masu daraja da tsari, ta sa gurzajjiyar ƙanƙara da aka zuba wa madin amazura a sabon kwanon ƙarfe. Wannan shi ne ambato mafi shahara, kuma ɗaya daga mafiya daɗewa, na abin da yau ake kira kakigori. Kowane ɓangare na wannan kwano alama ce ta gata. Sukari a lokacin magani ne da ake shigowa da shi daga Sin, ba abin zubawa a abinci ba. Amazura kuwa ruwan jikin wata ciyawa mai yaɗo ne, wanda ake tatsa cikin tsananin hunturu lokacin da zaƙinsa ya taru, a dafa shi har ya yi kauri, kuma sai an tatsi itace mai yawa kafin a sami cikin ƙaramin moɗa. Da sukari ya yawaita, aka bar yin sa, har aka manta ainihin tsiron da ake amfani da shi, sai da masu bincike na zamani suka yi ta gwaji kafin su sake haɗa shi.

Talaka bai ga wannan kwano ba, kuma ya yi shekaru ɗari takwas da 'yan kai bai gan shi ba. Abin da ya samu shi ne wani abu daban, wanda a ƙarshe ya fi ƙanƙarar sarki tasiri a kan fasahar kayan zaƙin ƙasar.

Mafi tsufa cikin abincin sanyi na talaka shi ne tokoroten. Ana dafa wata jar ciyawar teku mai suna tengusa har ta saki yauƙinta, a tace, a bar ruwan ya daskare, sannan a tura shi ta wani akwati mai raga ya fito sili-sili kamar taliya, garai-garai kamar gilashi. Tun zamanin Nara ana karɓar wannan ciyawa a matsayin haraji. Har yau ƙasar ta rabu biyu a kan yadda ake cin sa: mutanen yankin Kyoto da Osaka sukan zuba masa madin baƙin sukari, mutanen Tokyo kuwa ruwan tsami da miyar waken suya, kuma kowane ɓangare na kallon ɗan'uwansa da mamaki.

Daga tokoroten ne aka sami kanten, kuma labarin samuwarsa yana da daɗin faɗa. A tsakiyar ƙarni na 17, wani mai masaukin baƙi a Fushimi, kudu da Kyoto, mai suna Minoya Tarozaemon, ya zubar da ragowar tokoroten a waje cikin hunturu. Dare ya daskarar da shi, rana ta narkar da shi, ruwan ya tsiyaye, aka yi ta haka kwanaki, har ya koma wani busasshen abu fari marar nauyi. Da ya sake dafa shi, sai ya ga ya daskare fiye da da, ya fi haske, kuma ƙarnin teku ya tafi. Ana danganta raɗa masa suna ga Ingen, malamin addinin Buddha ɗan Sin da ya iso Japan a 1654, ya kafa gidan ibada na Manpukuji a Uji. Ma'anar sunan ita ce sararin samaniya mai sanyi. Irin waɗannan labarai na sa'a da kuskure sukan sami ado a bakin masu ba da su, amma dabarar da suka bayyana gaskiya ce, kuma da ita aka ci gaba da yin kanten. Zuwa ƙarni na 19 sana'ar ta koma yankin Suwa na Nagano, can cikin tsaunuka nesa da teku, inda dare ke da tsananin sanyi, rana kuma busasshiya. Manoma sun sami aikin rani ke nan: a kawo ciyawa daga gaɓar teku, a shanya ta a gonakin shinkafa da aka girbe.

Sirrin kanten yana cikin halinsa da zafi. Yana daskarewa ne idan ya huce zuwa wajen digiri 35 ko 40 a ma'aunin Salshiyos, amma ba ya narkewa sai ya kai wajen digiri 85. Wato ba ya bukatar ƙanƙara kafin ya kama jikinsa, kuma rana mafi zafi a Kyoto ba ta isa ta narkar da shi ba. Mai yin alawa ya sami abin da ke da kamar ƙanƙara, mai ɗaukar ido kamar ruwan rafi, wanda kuma zai zauna a faranti tun safe har yamma.

Wannan hali nasa ne ya kai shi inda mai masaukin Fushimi bai taɓa zato ba. A 1881, a Jamus, likita Walther Hesse yana fama da jalatin da yake renon ƙwayoyin cuta a kai, domin yana narkewa da zafi, wasu ƙwayoyin kuma suna cinye shi. Matarsa Fanny, haifaffiyar New York, ta gaya masa abin da take daskarar da kayan zaƙinta da shi, wanda ta koya daga maƙwabta da suka taɓa zama a tsibirin Jaba. Hesse ya sanar da Robert Koch, shi kuma ya ambaci sinadarin a takardarsa ta 1882 kan ƙwayar tarin fuka, ba tare da ya kira sunan matar ba. Duk ma'aikacin ɗakin gwaji da ya taɓa zuba agar a faranti, kanten ya zuba. Har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ce ke samar da mafi yawan wanda duniya ke amfani da shi.

Kanten kaɗai ba ya yin alawa, sai da sukari. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, jiragen Holan da na Sin ne ke sauke shi a Nagasaki da tsada. Shogun Yoshimune, wanda ya hau a 1716, ya ƙarfafa noman rake a cikin gida don a rage azurfa da tagullar da ke fita waje, kuma zuwa wajen 1800 tsibirin Shikoku ya fara fitar da lallausan sukarin nan mai suna wasanbon. Baƙin sukari kuwa, ɗan'uwan mazarƙwaila, yawancinsa daga tsibiran kudu yake zuwa, kuma akwai hawaye a cikinsa: masarautar Satsuma ta tilasta wa mutanen Amami su bar noman abinci su shuka rake, ta hana su sayar da shi ga kowa sai ita, da kuɗinsa ta biya basussukanta.

Da waɗannan biyu suka haɗu da jan waken azuki, sai aka sami yokan irin na yau. Sunan kansa abin dariya ne, domin haruffansa na nufin romon tunkiya. Abincin Sin ne da malaman Zen suka kawo labarinsa, amma da yake ba sa cin nama sai suka kwaikwayi kamanninsa da wake da gari, suna ya tsaya, tunkiya ta tafi. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 yokan mai kanten ya zama ruwan dare a Edo. Wanda aka ƙara wa ruwa aka rage wa sukari, ya yi laushi yana zamewa a harshe, shi ne mizu yokan, sarkin kayan zaƙin bazara a yau. Sai dai asalinsa abincin hunturu ne. Ƙarancin sukarinsa kan sa ya lalace da wuri, don haka kafin zuwan firiji ba mai hankalin da zai ajiye shi cikin zafi. Jihar Fukui ba ta sauya ba: har gobe can cikin sanyi suke shan sa, suna zaune ƙafafuwansu a ƙarƙashin teburin ɗumama jiki, dusar ƙanƙara na zuba a waje.

Masu yin alawa a Kyoto sun kai wannan wasa da ido matuƙa. Akwai kingyokukan, daskararren kanten garai-garai da ake nutsa siffar jan kifi ko ganyen bishiya a cikinsa, ya zama kamar an yanko wani yanki na tafki. Akwai kuzukiri, wanda ake yi da sitacin saiwar kuzu, mafi shahara na Yoshino: a dama, a zuba siriri a faranti, a tsoma a ruwan zafi har ya washe, a jefa a ruwan sanyi, a yanka zare-zare, a ci da baƙin madi. Ba ya jira. Cikin 'yan mintoci yake dusashewa ya rasa danƙonsa, shi ya sa tsoffin shaguna irin Kagizen Yoshifusa da ke unguwar Gion ke yin sa sai an zauna an nema. Saiwar kuma cikin hunturu ake haƙo ta, a daka, a yi ta wankewa da ruwa mai sanyi ana tsiyayewa, kilo 100 da ƙyar ya ba da kilo 10. Sannan akwai minazuki, fari mai kusurwa uku da jan wake a samansa, wanda mutanen Kyoto ke ci ranar 30 ga Yuni, ranar tsarkake kai ta tsakiyar shekara. Ana cewa siffarsa kwaikwayon gutsuren ƙanƙarar fada ce, don talaka ya ɗanɗana ko da kamanninta. Bayanin ya dace har ya kusa yin yawa, kuma ɗaure cin sa ga wannan rana ya bazu ne a ƙarni na 20, da hannun masu shagunan alawa a ciki. Al'ada ma takan sami ɗan kasuwa a bayanta.

A titunan Edo kuwa abin ya fi sauƙi. Masu tallan ruwan sanyi sukan ɗebo daga rijiya mai zurfi, su zuba ɗan sukari da 'yan curin garin shinkafa, su sayar da kwano a kan mon huɗu, lokacin da kwanon taliyar soba ke mon goma sha shida. Kwanukan na tagulla ne ko kuza, don leɓe ya ji sanyin ƙarfe ko da ruwan ya riga ya ɗumame a rana.

Abin da ya karya katangar shi ne buɗe tashoshin jiragen ruwa. Bayan 1859 Turawa da Amurkawa suka zauna a Yokohama, suna neman ƙanƙara don abin sha, don ajiye nama, don majinyata masu zazzaɓi. A lokacin cinikin da Frederic Tudor na Boston ya assasa ya riga ya kai ƙanƙarar tafkunan arewa maso gabashin Amurka har Kalkata, don haka ta iso Yokohama ma, bayan watanni a teku, da farashin da sai mai hali. Wani ɗan kasuwa, Nakagawa Kahei, ya ji daga likita Ba'amurke James Hepburn irin amfanin ƙanƙara ga lafiya, ya ƙudura sai ya samar da ita a gida. Ya gwada gindin Dutsen Fuji, ya gwada tafkin Suwa, ya gwada wasu wurare a arewa, kowane karo ko dai ta narke a hanya ko kuɗin jigila ya cinye riba. Sai da ya kai Hakodate a tsibirin Hokkaido, ya yanko ta daga ganuwar ruwa da ke kewaye da sansanin Goryokaku, sannan ya dace. A 1871 ya sauke sama da tan 600 a yankin Tokyo, ba a jima ba ƙanƙarar Boston ta rasa kasuwa. A wannan tsakani, a 1869, Machida Fusazo ya buɗe shagon ƙanƙara a titin Bashamichi na Yokohama, wanda ake tunawa da shi a matsayin wurin da aka fara sayar da askirim a ƙasar.

Arha ta zo da nata haɗari. Mutane suka shiga yankan ƙanƙara daga kowane kududdufi, a shekarun da kwalara ke yi wa ƙasar ɗauki ɗai-ɗai. Annobar 1879 kaɗai ta kashe sama da mutum 100,000. A 1878 gwamnati ta kafa doka kan masu yi da masu sayar da ƙanƙara, ta wajabta bincike da lasisi. Ana danganta tutar nan da ke kaɗawa a gaban shagunan kakigori, mai jan harafin ƙanƙara a kan shuɗin igiyar ruwa, ga alamar da masu lasisi ke kafawa a wancan lokaci. A 1887 Murakami Hanzaburo ya yi rajistar injin gurza ƙanƙara, ko da yake masu shaguna sun daɗe suna amfani da abin fere katako na kafinta da aka kifar. Kamfanonin ƙanƙarar inji suka biyo baya, kuma kafin ƙarni na 20 ya yi nisa, yaro mai 'yan kwabbai na iya sayen abin da Sei Shonagon ta lissafa cikin alamun daraja.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Shagon Funawa a Asakusa ya tsaftace mitsumame, curin kanten da wake da 'ya'yan itace cikin madi, ya mayar da shi abincin manya a 1903; shagon Wakamatsu a Ginza ya ɗora masa markaɗaɗɗen jan wake a 1930, aka sami anmitsu. Leburorin Japan da suka tafi gonakin rake na Hawai suka tafi da gurzajjiyar ƙanƙara, ta zama abin alfaharin tsibiran, haka kuma 'yan ci-ranin Japan a Filifin suka bar tushen abin da ya zama halo-halo. Firiji ya shiga gidaje daga ƙarshen shekarun 1950, zuwa tsakiyar shekarun 1970 kusan babu gidan da ba shi, mizu yokan kuma ya shiga gwangwani ya zama kyautar bazara. Har ranar kakigori aka ware, 25 ga Yuli, ranar da a 1933 birnin Yamagata ya ga zafin digiri 40.8, wanda ba a wuce shi ba sai a 2007.

Wanda ya bi jerin nan zai lura cewa kusan komai a cikinsa hunturu ne ke yin sa: ƙanƙarar rumbu, ruwan amazura, kanten da ake shanyawa a gonakin Suwa, sitacin kuzu da ake wankewa a Yoshino. Injuna sun 'yantar da mafi yawansu daga jiran yanayi, amma ba duka ba. Masu yin kanten ta tsohuwar hanya suna bukatar darare masu daskarewa a jere, kuma irin waɗannan darare suna raguwa. Masu yin ƙanƙarar tafki, da a farkon ƙarni na 20 suka kusa ɗari, yanzu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, uku daga cikinsu a Nikko. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne kasuwarsu ta farfaɗo, domin ƙanƙarar da ta daskare a hankali ta fi tauri da tsabta, ana iya fere ta siririya kamar auduga, mutane kuma na yin layi na sa'o'i don su sha.

A Kanazawa an farfaɗo da rumbun a ƙauyen Yuwaku tun 1986: a cika shi da dusar ƙanƙara a ƙarshen Janairu, a buɗe ranar 30 ga Yuni, washegari kuma gari ya ci himuro manju, 'yan curin burodi da ake turarawa, fari da ruwan hoda da kore. A Nikko aikin ba na biki ba ne. Ana janyo ruwan marmaro zuwa tafki marar zurfi a inuwar dutse, a jira kimanin mako biyu har kaurin ya kai santimita 14 ko 15. Duk tsawon wannan lokaci ana share ganye da ƙura kullum, idan dusar ƙanƙara ta sauko cikin dare a tashi a kwashe ta kafin ta manne. Idan ya yi, a yanka shi allo-allo, a gangarar da shi kan layin gora zuwa rumbu, a binne cikin garin katako har bazara. Idan kuwa ruwan sama ya sauka kafin ranar yanka, ko iska mai ɗumi ta buso, sai a farfasa duka, a zubar, a sake tara ruwa.